Ƙullun Da Bai Kwana Ba

 Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, kuma na san akwai wanda zai ce duk batutuwan da ke damun Arewa ba ta ga na ɗauka ba sai na bakin murhu. Ku daure ku karanta, in ya so mu yi faɗan daga baya.

Hutun da ya wuce autarmu ta dawo gida Fakku daga makaranta a Sakkwato da sabon ilimi a kanta. Ta ga bidiyon wata mata a waya tana koyar da yadda ake yin fankek a gida, wai daga tushe, ba tare da an sayi haɗaɗɗen gari na kwali ba. Washegari da safe ta ce yau ita za ta yi mana karin kumallo. Na zauna ina kallonta. Ta tankaɗe fulawa kofi ɗaya, ta zuba sukari cokali biyu, gishiri ɗan kaɗan, da bekin hoda ƙaramin cokali biyu. A wani kwanon ta fasa ƙwai ɗaya, ta zuba madarar gari da ta dama kusan kofi ɗaya, da ɗan narkakken bota. Da ta haɗa su na miƙa hannu zan taya ta bugawa, ta ce, "Yaya kar ki buga da yawa, tauri zai yi." Kuma gaskiyarta, domin fulawa tana da danƙo, iya bugunki iya taurinta. Ta shafa mai a kasko, ta zuba ludayi guda, ta jira sai da 'yan ƙofofi suka fito a samansa, ta juya. Kafin minti ashirin faranti ya cika.

Ba zan yi mata ƙarya ba, ya yi daɗi. Uku na ci.

Ta kai wa Inna. Innarmu ta fi shekara talatin tana toya masa a ƙofar gida, da kuɗin masar nan aka saya mana littattafai da takalman makaranta. Ta ɗauki ɗaya, ta juya shi gaba da baya, ta gutsura.

"Wanga mi as sunanai?"

"Fankek, Inna."

"Yaushe anka jiƙa shi?"

"Ba a jiƙa shi, Inna. Fulawa ce."

"To yaushe yak kwana?"

"Ba ya kwana. Yanzu na haɗa, yanzu na soya. Daga tushe na yi shi fa."

Inna ta cinye wanda ke hannunta, ta sa mata albarka, ba ta ƙara cewa komai ba. Ni ce maganar ta tsaya wa a wuya, musamman kalmar nan ta tushe.

Ga Ba'amurke kalmar tana da ma'ana. A 1843 wani mai haɗa magunguna a Ingila, Alfred Bird, ya haɗa hodar da ke sa ƙullu ya tashi nan take, saboda yis ba ya karɓar matarsa. A 1889 aka fara sayar da haɗaɗɗen garin fankek a Amurka da sunan Aunt Jemima, wanda ruwa ko madara kawai za ka zuba masa. Iyalai da dama can sun taso a kan garin kwali, don haka in mace ta auna fulawarta da kanta, ta fasa ƙwanta da kanta, tana da hujjar cewa daga tushe ta faro. Ga wadda take a ƙasar da ke noma alkama har ta sayar wa duniya, buhun fulawa bai yi nisa da gona ba.

Mu fa? Ku bi fulawar auta a baya mu ga inda za ta kai mu. Daga shagon unguwa sai dilan Tambuwal, daga nan sai tirelar da ta taso daga Kudu, sai injin niƙa na bakin teku, sai jirgin ruwa, sai wata gona a ƙasar da ko a taswira Inna ba ta taɓa gani ba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake ci a Nijeriya shigo da ita ake yi. Tun 1962 da babban injin fulawa ya fara aiki a Apapa ta Legas bakinmu ya saba da burodi, kuma tun lokacin gwamnatoci ke ta fafutukar ganin mun noma tamu. Madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978 kusa da Talatar Mafara, lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, alkama na cikin manyan abubuwan da aka gina ta dominsu. A 1985 wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka fitar da littafi guda a kan wannan matsala tamu, sunansa in an fassara shi ne Tarkon Alkama. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama baki ɗaya, a 1992 ta janye hanin don tamu ba ta ishe mu ba. A Nuwamban 2015 a Birnin Kabi, maƙwabtanmu, Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa da alkama rance. Duk da haka da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a Fabrairun 2022, mai shayin bakin tasharmu ya ji a jikinsa, don burodi ya ƙara kuɗi ya kuma rage jiki.

A cikin duk abin da auta ta zuba a kwanon nan, ƙwai kaɗai ne ɗan gidanmu. Shi ma kazar Inna ce ta yi shi.

Kada wani ya ɗauka ina cewa alkama baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Mun daɗe da ita, sunanta ma daga Larabci muka aro. Kakanninmu sun noma ta a lambu lokacin hunturu, suka yi funkaso da alkaki da taliya. Sai dai abincin sallah ce da biki da saukar babban baƙo, ana cin ta da lissafi. Fulawar buhu ce ta mayar da ita abin kullum. Wani abin dariya kuma, fanken nan da yara ke talla, sunansa daga fankek ɗin Turawa ya fito, alhali ko kama ba su yi ba: namu dunƙulalle ne da ake tsoma shi cikin mai, nasu shimfiɗaɗɗe. Abin da ya fi kama da nasu a wurinmu shi ne sinasir da masa, waɗanda muke da su tun kafin a san hodar Alfred Bird.

Yanzu ku zo mu bi masa a baya. Mutanen Kano ku ce waina, ba za mu yi faɗa ba.

Masar Inna tana farawa ne daga fadamar gulbin Zamfara, wanda ke ratsa yankinmu ya nufi Jega. Shinkafa ba baƙuwarmu ba ce: masana sun nuna cewa Afirka ta Yamma tana da irinta na kanta, jar shinkafa, wadda aka fara nomawa a fadamun kogin Neja na ƙasar Mali kimanin shekara 3,000 da suka wuce, ko da yake yawancin wadda ake shukawa yanzu sabon iri ne. Ɗanyar shinkafa ake nema, ta tuwo, wadda ba a turara ba. Wadda aka turara ba ta yin masar kirki, duk wadda ta gwada ta sani. A tsince ta, a wanke, a rege tsakuwa, a jiƙa tun da hantsi. Da la'asar a ɗebi wani kaso a dafa shi ligif kamar za a yi tuwo, a bar shi ya huce, a haɗe da jiƙaƙƙiyar, a kai markaɗe.

Na daɗe ban san amfanin dafaffen kason nan ba, na ɗauka al'ada ce kawai. Ashe nan dabarar take. Shinkafa ba ta da danƙon da alkama ke da shi, in ƙullu ya fara tashi babu abin da zai riƙe iskar, sai ta fice. Dafaffiyar ita ke ba ƙullun kauri da yauƙin da zai kama iskar, shi ya sa in kin ɓara masa mai kyau za ki ga cikinta da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. In ta yi kaɗan masa ta fito da tauri. In ta yi yawa ta caɓe, ta manne wa tanda, ta ƙi juyuwa. Matan da ba su taɓa shiga aji ba su suka warware wannan lissafi, kowace a bakin murhunta.

Sai kwana. Inna tana da wata tukunyar ƙasa da ba a taɓa yin komai a cikinta ba sai ƙullu, kuma kullum takan rage ɗan tsohon ƙullu ta zuba cikin sabo. Abin da ke faruwa cikin dare shi ne wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suna cin zaƙin shinkafar, wasu su fitar da iskar da ke kumbura ƙullun, wasu su fitar da tsami irin na nono. Tsohon ƙullun shi ne irinsu, kamar yadda Bafulatana ke zuba ɗan tsohon nono cikin madara don ta yi barci. Lokacin bazara, da zafin Sakkwato da kuka sani, 'yan awoyi sun isa, in kin yi sake ya wuce gona da iri. Lokacin hunturu sai an lulluɓe tukunyar an matsar da ita kusa da murhu, wani lokacin ma gari ya waye bai motsa ba. Da asuba Inna ta buɗe, ta sunsuna, ta ɗanɗana da yatsa, sannan ta zuba ruwan kanwar da ta jiƙa tun dare, kaɗan-kaɗan. Kanwa tana kashe tsamin, kuma haɗuwarsu tana ƙara tayar da ƙullun, wato aikin da bekin hoda ke yi a kwanon auta. In ta zarce masa ta yi fatsi-fatsi tana warin sabulu. Daga nan sai gishiri, ɗan sukari, da yankakkiyar albasa.

Suyar ma karatu ce. Tandar ƙasa sai ta yi zafi daidai, kowane gurbi a ɗiga masa man gyaɗa, a zuba ƙullu, a jira gefe ya yi ja, a sa cokali a juya ta yadda ɗanyen ƙullun da ke tsakiya zai gangara ƙasa ya cike ɗaya ɓarin. Gurbin tsakiya ya fi na gefe wuta, don haka mai toyawa tana tafe tana lissafin wanda ta fara zubawa da wanda zai riga nuna. Ba banza ba Bahaushe ke cewa bari mu ga wainar da za a toya, ko wane shi ke juya wainar. Harshenmu ya san wannan aiki na masu ido ne.

Da gero ma ana yi, da masara, da dawa. Duk shekarar da shinkafa ta yi tsada Inna takan koma masar gero, masu saye su yi ƙorafin kwana biyu su saba. Fankek ba shi da wannan mafita. In fulawa ta hau, ya hau.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Masa wahala ce. Aikin kwana biyu ne don abincin da za a cinye cikin minti goma. Akwai layin injin markaɗe, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 mai inji ya ƙara kuɗi. Akwai itace. Akwai hayaƙi, idanun Inna shaida ne. Akwai tashin ƙarfe huɗu na dare. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da za ta fita ƙarfe bakwai, ga yara uku za ta shirya, babu wanda ya isa ya ce mata ta yi laifi don ta kaɗa fulawa da ƙwai. Masu sayar da masa da yawa ma yanzu yis na leda suke sawa don ƙullu ya tashi da wuri, ban kuma ga aibunsu ba, ciniki ba ya jiran tukunya. Ni ban ce a daina cin fankek ba. Na faɗa muku uku na ci.

Abin da ke damuna shi ne matsayin da muka ba kowannensu. Auta ta iya fankek daga kallon bidiyo ɗaya, tana alfahari da shi, ta ɗauki hotonsa ta ɗora a waya. Ita ɗin dai an haife ta a gidan da ake toya masa kullum, ta shekara goma sha tara tana ci, amma ba ta san yawan shinkafar da ake dafawa ba, kuma ba ta jin wannan a matsayin gibi. A wurinta fankek iyawa ce, masa kuwa aikin Inna ne kawai. Ni ma da nake wannan surutu haka nake har zuwa hutun nan.

Mu marubuta muna da hannu a ciki, shi ya sa na kawo maganar nan gidan. Ku tuna littattafan da muke karantawa a waya, da waɗanda muke rubutawa. In ana son a nuna amarya wayayyiya ce, sai a shigar da ita kicin ta fito da fankek da soyayyen ƙwai da shayi mai kauri, ango ya lumshe ido. In ana son a nuna gidan talauci, sai a sa uwar yarinya tana sayar da waina a ƙofar gida, kuma burin labarin duka shi ne ranar da mai kuɗi zai zo ya raba ta da tanda. Na rubuta irin wannan da hannuna, labarina na biyu haka ya fara. Yarinyar da ta karanta irin wannan sau hamsin ta gama fahimtar abin da ake so ta ji kunyarsa. Kuma ko ta fuskar daɗin labari mun yi asara. Amaryar da ke kaɗa fulawa duk ɗaya ce, ko a Abuja take ko a Dubai, babu abin da za ta gaya mana game da kanta. Matar da ta buɗe tukunya da asuba ta tarar ƙullu bai tashi ba, ga bashin shinkafa za ta biya da rana, ga yara sun fara taruwa da kwanoni a ƙofa, wannan kam tana da abin da zai hana mai karatu ajiye waya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan gaggawa. Fankek a rubuce yake. Kofi kaza, cokali kaza, minti kaza, cikin kowane harshe, shi ya sa ya iso Fakku cikin wayar yarinya. Masar Inna a hannunta take. Ana samun bidiyon masa a intanet, ban musa ba, amma yawancinsu hanya ɗaya suke koyarwa: farar shinkafa, yis, bilenda, tandar ƙarfe a kan gas. Ina ta gero? Ina yadda ake ajiye tsohon ƙullu kada ya lalace? Ina yadda ake horar da sabuwar tandar ƙasa kafin ta daina kama masa? Ina bambancin ƙullun bazara da na hunturu? Masar Bauchi ta yi suna a ƙasar nan, to me suke yi da mu ba mu yi? Waɗannan duk suna wurin mata masu shekara sittin da saba'in, a garuruwa irin su Kuchi da Girkau da Jabo da Dogon Daji, kuma 'ya'yansu, irina, mun tafi makaranta. Ranar da aka rasa ɗaya daga cikinsu, an rasa ma'auninta, sai dai a riƙa cewa masar wance ba a ƙara cin irinta ba.

Don haka kafin hutu ya ƙare na ɗauki littafi da biro da kofin shayi na zauna gaban Inna. Na ce ta gaya mini kofi nawa take jiƙawa. Ta dube ni kamar na tambaye ta yawan numfashin da take yi a wuni.

"Hannu shi ka aunawa, ɗiyata."

Na ce to hannun ya auna, ni kuma in bi bayansa. Duk abin da ta ɗebo, kafin ta zuba sai in tare da kofi in ƙirga. Ta yi ta mita wai ina ɓata mata lokaci, amma na lura ta fara rage sauri don in samu in rubuta. Abin da na samu a ranar farko: cikin kowane kofi huɗu na shinkafa, kusan ɗaya take dafawa. Tsohon ƙullu ludayin miya guda. Kaurin ƙullu kuwa, in an ɗaga ludayi ya zubo kamar kunu mai kauri, ba ya tsinkewa ba ya kuma dunƙulewa. Rana ta biyu lissafin ya ɗan canza, na ce Inna jiya ba haka kika yi ba. Ta ce shinkafar jiya sabuwa ce, ta yau ta kwana biyu a buhu, ta fi shan ruwa. Na rubuta wannan ma. Kanwa ce ta gagare ni, domin ita da harshe take auna ta, kuma tsamin yau ba shi ne na gobe ba. A nan abin da na iya rubutawa kawai shi ne: zuba cokali ɗaya, juya, ɗanɗana, in tsamin ya daina tsinkar harshe amma bai ɓace ba, tsaya.

Rana ta huɗu na ce ni zan yi tun daga jiƙo har suya, kada ta sa mini hannu. Auta ta zo ta tsaya a kaina tana dariya, wai Yaya ta koma 'yar talla. Zubin farko ya manne wa tanda gaba ɗaya, sai da na kankare. Na biyu ya ƙone a waje cikinsa ɗanye, don na cika wuta. Inna tana zaune a kan tabarma tana jan carbi, ba ta ce uffan ba, sai da ta ga zan sake zubawa ta miƙo ƙafa ta janye itace ɗaya daga murhun. A zubi na uku guda biyar suka fito da siffar masa. Na sa mata biyu a kwano da ɗan ƙuli-ƙuli. Ta ɓara ɗaya, ta duba cikinta kafin ta kai baki.

"Kanwa ta ɗan yi yawa," ta ce. "Gobe ki jiƙa gero."

Auta ta ɗauki ɗaya daga cikin ukun da suka rage, ta ci, sannan ta jawo littafin nawa ta ɗauki hoton shafin da wayarta.